Faɗuwata a Jikin Taubashina

Mai farfaɗiya ba ya ganin ciwonsa, sai dai wasu su gane masa. Ni abin da na sani shi ne warin ƙonannen tsumma ya cika mini hanci, daga nan sai in farka a ƙasa, harshena a taune, jikina kamar an yi mini duka da sanda, mutane suna kallona ta gefen ido. Abin da ke faruwa tsakanin warin da farkawar, har na girma na zama tela a Ƙonni ban san kamanninsa ba.

Tun ina yaro ciwon ya same ni. Inna ta yi yawon malamai da masu sassaƙe, na sha rubutu har na san ɗanɗanon kowane allo a unguwarmu. A lokacin mutane sun ɗauka yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon, saboda haka kwanona daban yake, modata daban. Da na fara zama saurayi sai majo, babban ma'aikacin gidan likitan garinmu, ya ɗora ni kan wata 'yar farar ƙwaya da nake sha kullum kafin in kwanta. Ta yi aiki. Shekaru suka wuce ban faɗi ba, har mutanen unguwa suka manta, baƙin da suka zo gari kuma ba su taɓa ji ba. Sai dai kullum kaina a nauyaye yake, kamar wanda aka tasa daga barcin rana. In an yi mini magana sai ta ɗan tsaya a ƙofar kunne kafin ta shiga. Maigidana a shagon ɗinki yakan yabe ni da natsuwa. Ba natsuwa ba ce.

Bayan shekarun fari, da gari ya fara dawowa hayyacinsa, wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo mana daga gabas, ya tara samari ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ni ɗinkin labule ya kai ni. Na tsaya kallo, aka rasa wanda zai fito a mai gari, aka ce in zauna kan kujera in cike gurbi. Da na buɗe baki muryata ta kai ƙarshen filin lakwal. Mushe ya juyo ya dube ni. Tun daga ranar ni ne uba, ni ne mai gari, ni ne alƙali. Ba a rubuta wasanmu. Mushe zai faɗi labarin, kowa ya san inda za a fara da inda za a ƙare, tsakiyar kuwa bakinka ne zai fisshe ka. A nan na fara sanin yadda ake ji in jama'a sun zuba maka ido kana tsaye da ƙafafunka, kuma kana so su kalla.

Ni na kawo taubashina cikin ƙungiyar. Ɗan gwaggona ne, daga Dogarawa ya zo yana bin kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, ya sauka gidanmu muka raba ɗakin da ke jikin zaure. Yana kirana bawansa, ina kiransa bawana, kamar yadda taubasai ke yi, kuma ba a taɓa yanke wannan shari'ar ba. Ya san ciwona tun muna yara, kuma shi kaɗai ne a dangi bai taɓa janye hannu daga kwanona ba. In Inna ta zuba masa nasa tuwon daban sai ya juye a nawa, ya ce ubangida ba ya barin bawansa ya ci shi kaɗai. Allah ya ba shi ido, ya ba shi jiki. In ya ga tafiyar mutum sau ɗaya ya ɗauke ta. Yakan yi mana jandarman bakin hanya yana juya takardar da ya riƙe a kife, ko direbansu in taya ta fashe, har Inna ta riƙe ciki tana roƙonsa ya bari.

Ba a jima ba mu biyu muka zama ginshiƙin wasan. Amma shi yana jefa magana kamar tsakuwa, ni kuma sai ta ɗan jima kafin in mayar. Wata rana bayan an tashi mushe ya ja ni gefe.

"Muryarka ta fi ta kowa," ya ce, "amma kana barin dariya ta huce kafin ka amsa. Za mu Malbaza, in an yi sa'a har Tawa gaban manya. Ka farka."

Maganar ta zauna mini. Akwai likita da ke zuwa daga Tawa lokaci-lokaci. Na jira zuwansa, na shiga, majo yana yi mana tafinta. Na ce ƙwayar tana sa ni barci a tsaye. Ya tambayi aikina, na ce ɗinki. Na ji kunyar ambaton wasa, sai majo ya faɗa masa da kansa, don ya taɓa kallonmu. Likitan ya yi murmushi ya ce akwai wata. Amma ba a sauke tsohuwar rana ɗaya. Za a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan ana ƙara sabuwar, kuma a tsakanin nan ciwon yana iya leƙowa. Kada in kusanci wuta ko rijiya, kada in hau keke, kada in kwana ni kaɗai.

Ban so hankalin Inna ya tashi ba, sai na gaya wa taubashina shi kaɗai.

"Kai dai sha maganinka, bawana," ya ce. "Ina nan. In ka hwaɗi, bisa kaina za ka hwaɗi, babu mai ji."

Kuma ya cika, wannan ba zan hana shi ba. Ciwon ya dawo a makonnin nan, ba sau ɗaya ba, galibi da sassafe ina tashi daga kwance. In na farka sai in same ni a kan gefena, kaina a cinyarsa, yana share mini baki da gefen rigarsa. In na jiƙa wando shi ke wankewa ya shanya a bayan katanga kafin Inna ta fito. Akwai ranar da ya bar kamiyonsu ya tafi babu shi don bai yarda da yadda idona yake ba. Wata safiya, ina kwance ina jiran ƙarfina ya dawo, na tambaye shi abin da ban taɓa tambayar kowa ba.

"Mi nika yi in abin ya taso?"

"Ba komi. Kwanciya kaka yi."

"Ba ni cewa komi?"

"Kakan tambayi wa ya ƙona tsumma. Shi ke nan."

Muka yi dariya tare. Na ji sanyi a raina da ya mayar da abin ƙarami.

Sannu a hankali nauyin ya sauka daga kaina. Sabuwar ƙwayar ta kumbura mini dasashi, in na miƙe da sauri kuma ƙasa takan ɗan karkace, amma faɗuwar ta yi sauƙi, kuma na farka. Na fara jin hirar da ake yi a shago tun daga farkonta, ba daga tsakiya ba. A wurin gwaji taubashina bai rufe baki ba na mayar masa, har ya tsaya yana kallona, mushe ya tafa.

Wasan da muka shirya na wani mai awon hatsi ne da ke da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, har aka kai shi gaban alƙali. Taubashina ne mai awo, ni ne alƙali. Yadda muka tsara, in shari'a ta matse shi sai ya dafe ciki ya ce zawo, ya roƙi a bar shi ya zaga, alƙali ya hana. Haka muka yi ta maimaitawa, kuma ko a haka yana ba da dariya.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar muka yi shi a Malbaza. Dandalinmu bayan kamiyo ne da aka sauke gefunansa, aka ɗaura labulen da na ɗinka. Ma'aikatan luzin, wato masana'antar siminti, sun cika fili, wasu ko wanka ba su yi ba, gira fara fat. Mata da yara suna gaba a kan tabarmi, mutanen buro, wato ma'aikatan ofis, da 'yan soja kaɗan a kan benci. Ban taɓa jin daɗin wasa kamar rabin farko na ranar ba. Duk abin da ya jefo ina cafewa in mayar, jama'a suna bin mu kamar muna jan su da igiya.

Muka zo wurin. Na sa aka ajiye tiyoyin biyu a gabana, na gyara rawani, na ce ya faɗa wa kotu wacce ce tasa. Ina jiran ya dafe ciki.

Bai dafe ba. Ya tsaya cik, ya ɗaga hanci yana shinshina, ya ce da wata ƙaramar murya, "Wa ya ƙona tsumma?"

Babban yatsansa na dama ya fara murza wuyan riga. Leɓunansa suna motsi kamar mai tauna abin da babu. Idanunsa suka tafi hagu a hankali, kansa ya bi su. Wani ƙara ya fito daga maƙogwaronsa kamar na ragon da aka danne, jikinsa ya sandare, ya zube. Dugadugansa suka riƙa bugun ƙarfen kamiyo, hannuwa a dunƙule, kumfa na fita ta gefen baki.

Filin ya ɗauki dariya. Yara suna tsalle, wata mata ta rufe fuska da zane tana girgiza, wani soja yana dukan cinya. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar alƙali, tazarar taku ɗaya tsakaninmu, ina kallon abin da Inna ta yi shekaru tana kallo. Ashe haka wuyana yake juyawa. Ashe wannan ƙaran nake yi. Da tsohuwar ƙwaya ce a jikina da wani abin ya wuce ni, amma kaina garau yake, babu abin da ya ɓace mini.

Can sai ya buɗe ido ɗaya ya leƙo alƙali, don a gane ƙarya mai awo yake yi. Dariyar ta ninka. Kowa ya juyo gare ni, don magana tawa ce. Na ji bakina yana cewa, "A zuba mishi ruwa. In ya tashi a ci gaba da shari'a, in bai tashi ba a auna mishi likkafani da ƙaramar tiya." Muryata ta fita sarai. Aka sake fashewa. Na yanke hukunci, aka ja labule, mushe ya rungume taubashina yana bubbuga masa baya.

A hanyar komawa Ƙonni na zauna a ƙarshen kamiyo, na ce kaina ke ciwo. 'Yan ƙungiya suna ta waƙa. Ban yi wa taubashina magana ba sai da gari ya waye, yana zaune a bakin zaure yana shan kunu.

"Ina ka samu sabulu?" na ce.

"Wane sabulu?"

"Wanda ka ɓoye cikin baki."

Ya ajiye ludayi ya yi 'yar dariya. "Haba bawana, wasa na. Wa ya san kai na? Ko sunanka ban kama ba."

"Wanda ya yanki sabulu ya sa aljihu tun daga gida ya san abin da za shi yi."

"To na sani. Ka ji yadda sunka yi dariya? Kai ma ka ba da amsa mai kyau."

"Sadda kaka riƙe da kaina, kallo kaka yi kana ɗauka."

Sai ya ɓata rai, kamar ni na yi masa laifi. "Ina riƙe da kai, kuma ina da ido. In ruhe su? Wa ya wanke maka wando? Wa ya bar aikinai sabili da kai?"

Duk gaskiya ne. Na rasa yadda zan raba hannun da ya share mini baki da idon da ya tsaya yana koyon yadda kumfar ke fita.

Da yamma na tafi lakwal wurin mushe. Na yi niyyar in roƙe shi a cire wannan wurin ba tare da na faɗi dalili ba. Na fara kame-kame cewa ba a tsara haka ba, ya ɗaga mini hannu.

"Na sani," ya ce. "Ya nuna mini tun kafin mu tafi, a nan cikin aji bayan yara sun tashi. Ya kuma gaya mini inda ya samo."

"Kun sani ku biyu, kuka bar ni na hau?"

"Da mun gaya maka da ba ka yarda ba. Kuma ka ga ai ka yi kyau." Ya gyara alli a kan tebur, bai dube ni ba. "Tunda maganar ta fito, gara in faɗa maka. Ba zan iya tafiya da kai Tawa ba. In abin ya zo maka da gaske gaban manya, da wane bakin zan yi bayani? Ka riƙe mana labule da kayan sawa, wannan babu wanda ya kai ka."

Na so in ce masa saboda maganarsa na bar maganin da ya riƙe ni shekaru, saboda ita na koma faɗuwa. Na yi masa sallama na fita.

Taubashina ya ce babu wanda zai gane. Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta iso Ƙonni a bakin masu bin kamiyo. Duk wanda aka matsa da tambaya a tasha sai ya ɗaga hanci ya ce wa ya ƙona tsumma, a yi dariya. Yara suka ɗauka, suna zubewa a ƙasa suna shure-shure. Tsofaffin matan unguwarmu kuwa, waɗanda na zaci sun manta, suka tuna inda suka taɓa jin wannan tambayar. Inna a bakin rijiya ta ji. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, don ita ta fara jin ta a duniya. Ta dawo ta ajiye tulu, ta shiga ɗakinmu, ta naɗe tabarmarsa, ta ɗauko akwatinsa, ta ajiye a ƙofar gida. Sannan ta zauna kusa da ni ta kama fuskata, ta ɗaga leɓena ta dubi dasashin da ya kumbura, ta ce tun yaushe. Na gaya mata duka.

Gwaggo ta zo daga Dogarawa. Aka tara manya a zaure. Suka ce abin bai yi daɗi ba, amma tsakanin taubasai ne, kuma ba a kai wasan taubasai gaban shari'a. Gwaggo ta ce yaro ne, bai yi da mugun nufi ba, alhali ya girme ni. Aka ce in ba shi hannu. Na ba shi. Inna kuwa ba ta mayar da akwatin ba.

A shago maigidana bai yi mini maganar ba. Na dai zo wata safiya na tarar da sabuwar moda rataye a ƙusa kusa da keken ɗinkina, nesa da randa. Wasu masu kawo ɗinki suka fara cewa a ba wa ɗayan telan. Ƙungiya ta tafi Tawa da wani alƙalin, da faɗuwar a cikin wasan. Na ji an ce ta burge ƙwarai.

Bayan damina na tattara kekena na koma Illela, wadda ke kan hanyar Tawa, inda wani ƙanen Inna yake. Zuwa lokacin tsohuwar ƙwayar ta fita daga jikina gaba ɗaya, sabuwar ta zauna. Ba ta hana faɗuwar ƙaf kamar waccan ba, nakan faɗi jefi-jefi, amma ban taɓa neman a mayar da ni ba. Na daɗe ban je kallon wasa ba. Daga baya samarin garin suka ji labarin na taɓa yi, suka zo har shago. Ranar farko, kafin a raba wa kowa abin da zai fito, na miƙe na gaya musu ina da farfaɗiya. Na faɗi abin da zan ce in za ta taso, na ce su kwantar da ni a gefe, kada su sa mini komai a baki, kada su zuba mini ruwa. Yanzu ina iya kwatanta musu dalla-dalla, tunda na gani. Ɗaya daga cikinsu bai sake zuwa ba. Sauran suka zauna, kuma na yi shekaru ina wasa da su.

Taubashina ya zama direba. Mukan haɗu a suna da jana'iza mu gaisa. Sau ɗaya ya tsaya a Illela ranar da muke wasa, na hango shi a bayan jama'a ya harɗe hannuwa. Da aka tashi ya zo inda nake kwance rawani.

"Ka ƙware," ya ce.

"Mun gode."

"Jikin fa?"

"Da sauƙi."

"An bar wancan wasan tuni. Kowa ya mance."

Ya ci gaba da ba ni labarin gida, wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Yana magana idonsa yana kan bakina, ya sauka kan hannuwana, ya komo. Wataƙila haka yake kallon kowa, wataƙila bai ma san yana yi ba. Na sa hannuwana cikin aljihu, na tsayar da fuskata, ban bari ko gira ta motsa ba. A haka na tsaya har ya gama, na raka shi bakin kamiyo, ya hau ya tafi.